Na Ɗauka Ƙarfen Ne Ya Yi Shiru

A lokacin ni mai amalanken shanu ne a Gidan Sori, ƙaƙƙarfa kuma mai taurin kai, ina kai gero da wake kasuwar Cadakori. Wata rana amalanken ta kife da ni, ƙuguna ya dagargaje. Mai ɗori ya yi iya yinsa, abin ya faskara. Yayyena suka sayar da gonarmu ta gado, aka kai ni wani babban asibiti a ƙetare, aka sa mini gaɓar ƙarfe. Na dawo ina takawa da ƙafata, taubasaina na tsokanata wai in na mutu maƙera ne za su gaje ni.

Bayan wasu shekaru ƙarfen ya soma kuka. In na sunkuya ruku'u sai ya yi ƙara, na kusa da ni a sahu su danne dariya. Ni kuwa abin da na sani, in ƙafar amalanke ta yi kuka, mai take so. Sai na shiga shafa wa ƙugun man shanu. Kasala ta rufe ni, numfashi na sarƙewa, amma da wane baki zan gaya wa mutanen da suka rasa gona domina cewa aikin bai yi ba? Na yi gum.

A shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki, kukan ya ragu, har ya ɗauke. Don murna sai da na yi sadaka. Har nake faɗa wa matata cewa 'yan siyasar bana sun yi hankali, ba sa damunmu da lasifika. Sai ta matso dab da kunnena ta ce lasifika na nan, kukan ƙarfen ma ya fi na da, tun daga madafa take jin sa.

A Maraɗi likita ya aika jinina gwaji. Ya ce ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, garin wani ƙarfe mai suna kobalt yana shiga jini, yana cin kunne da ido da zuciya. An canza gaɓar, zuciyata ta ɗan farfaɗo, amma ji bai dawo ba. Da na zo tun kukan farko, in ji shi, wataƙila da an tsirar da shi.

Wallahi na gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa. Duk wanda aka sa wa ƙarfe a jiki, in ya ji baƙon abu ya koma wurin likita, kada nauyin 'yan'uwa ya rufe masa baki. Jikata ta fara magana bana. Ina kallon bakinta tana kirana, ban san muryarta ba.