Shekarar da Struan Geddes ya sauka daga kujera

Struan Geddes mai goge tagogi ne a unguwarmu ta Partick, nan Glasgow. In ka tambaye shi sana'arsa zai ce maka shi mai sauraro ne, gogen taga kuwa don kada yunwa ta toshe masa kunne. Dogo ne siriri, har mukan ce ranar da ya manta tsaninsa a gida ba a yi asarar komai ba. Ubansa mai walda ne a wurin ƙera jiragen ruwa, ya so ɗan ya gaje shi. Ɗan ya je, ya saurari ƙarar guduma, ya dawo ya ce kiɗan bai yi ba. Ya gwada jita yana saurayi, maƙwabta suka yi gayya suka je suka roƙi uwarsa ta raba shi da ita. Daga nan ya gane rabonsa a kunne yake, ba a yatsa ba.

Ni Lachlan nake, direban bas, kuma mun san juna tun muna da gashi. Duk Asabar da rana mukan taru a bayan shagon faifai na Dougal Rennie, mu sha shayi, mu kushe kunnen juna. Abin da muke ji kiɗan jita ne na ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda ba wani babban kamfani a bayansu, su buga faifansu da kansu, su sayar daga cikin jaka bayan wasa. A wurinmu darajar ƙungiya tana ga ƙarancin masu saninta.

Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti kowa yakan zo da waƙarsa ta shekara, a ɗora, a ji, a ɗaga hannu. Sharaɗin shi ne ta fito a bana, kuma kada ta zama wadda rediyo ya riga ya yayata. Wanda ya ci, shi ke da kujera mai laushi ɗaya tilo da ke shagon, kusa da abin ɗumama ɗaki, har shekara ta zagayo. Wanda kuwa ya kawo waƙar da kowa ya sani, wankin kofuna na shekara ya hau kansa.

Struan ya daɗe a kan kujerar nan har ta ɗauki siffar bayansa. Wata shekara ya kawo ƙungiyar da ta watse kafin ta gama faifanta. Wata shekara ya kawo wasu 'yan'uwa daga wani tsibiri da suka ɗauki waƙa a rumfar kifi, ana jin tsuntsayen teku fiye da mawaƙin. Muka ɗaga hannu, don babu mai son a ce bai gane ba.

Mutum ɗaya ce duk wannan bai taɓa burge ta ba, matarsa Ishbel, mai dafa abinci a makarantar firamare. Tun aurensu ba ta taɓa taka shagon Dougal ba. Takan ce faifan mijinta kamar an zuba cokula ne a injin wanki. Shi kuma yakan yi dariya, amma mun san abin yana cinsa.

Farkon shekarar da nake ba ku labari, Struan ya tsinto wasu yara a ɗakin ƙasa na wani gidan shayi, suna kiran kansu Agwagin Kelvin, da sunan wani kogin garinmu. Ya ce masu kallo ba su kai masu kiɗan yawa ba, wanda a bakinsa babban yabo ne. Ya sayi faifansu ya kai gida. Ishbel tana firar dankali aka zo kan wata waƙa mai suna Rigar Ruwan Mama, sai ta ajiye wuƙa.

"Maimaita wannan," in ji ta.

"Wacce?"

"Struan, faifai nawa ka ɗora?"

Ashe mahaifiyarta, wadda ta rasu shekara guda kafin nan, ta bar mata wata rigar ruwa mai launin ɗorawa da ta ƙi bayarwa. Ranar sun ji waƙar har dankalin ya yi baƙi a kwano.

Sai agwagin suka ci amanarsa, suka yi suna. Kafin rani ya wuce rediyo ya kama waƙar, manyan kantuna suka kama, 'yan makaranta suna rera mini ita a bayan bas. A shago Struan ya fara cewa ai aikinsu na farko ne mai kyau. Fenella, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana harin kujerarsa, ta tuna masa faifai ɗaya suka taɓa yi.

Ana saura kwanaki kaɗan a zaɓi waƙar shekara na same shi a saman tsani yana goge gilashi ɗaya kamar zai huda shi.

"Dattijo, tagar nan ta fita tun ɗazu," na ce.

Ya sauko. "Ishbel ta ce za ta zo ranar Lahadi."

"Shagon? Wa ya mutu?"

"Ta ce tana so ta ji waƙarmu a tsakiyar abokaina. Waƙarmu fa ta ce, Lachie."

"To ka gaya mata sharaɗin mana."

"In ce mata me? Ta yi haƙuri, abin da take so ya yi arha?"

"To ɗora agwagin."

"Ka taɓa ganina da soson kofi?"

"Soso dai sana'arka ce, mutumina."

Ranar Lahadi ya zo da abu biyu a jaka. Akwai faifan agwagi, akwai kuma kaset na wani mutumin Finland mai kaɗa jita da matajin kai, wanda ko matarsa ban tabbata ta ji shi ba. Da wannan kaset kujera ta zauna masa, kowa ya sani. Ana ta yayyafi. Muna cikin jin waƙar Fenella, wadda rabinta shiru ne, ƙofa ta buɗe, ga Ishbel cikin rigar ɗorawa, riƙe da gwangwanin biskit na gida. Ta duba, ta ga kujera mai laushi babu kowa, don Struan ya tashi tarbarta, sai ta zauna abinta. Dougal ya buɗe baki, ya ga biskit, ya rufe.

Da layi ya zo kan Struan, ya tsaya gaban na'ura, hannu cikin jaka.

"Bana daga wane kogo aka tono mana?" in ji Fenella.

Ya zaro kaset ɗin har rabi. Ya dubi matarsa, tana gyara zama kamar wadda aka kawo coci. Ya mayar da shi, ya fito da faifan.

Jita ta fara, Fenella ta dafe ƙirji. "Struan Geddes, wannan fa ita ake sakawa a wurin sayar da kabeji."

"Na sani. Ita ce waƙata ta bana."

"Babban mutum, ka yi tunani," in ji Dougal. "Kofunan nan da yawa."

"Bar ta ta ci gaba."

Aka bar ta. Ni dai idona na kan jama'a. Ƙafar Dougal ce ta fara tona masa asiri a ƙarƙashin kantar shagon. Da aka zo amshi, leɓɓa suka soma motsi a ɓoye cikin kofuna. A baiti na biyu mawaƙin ya ɗan yi jinkiri, sai ga muryar Fenella ta riga shi shiga, ita kaɗai, tangaram.

Da waƙar ta ƙare Ishbel ta share ido da hannun riga, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wai ba ku jin irin wannan," ta ce. "To sannunku da haddace abin da ba ku ji."

Fenella ta ce a asibiti ake sa ta, dole ta ji. Dougal ya ce ƙafarsa ciwon sanyi take.

Sharaɗi dai sharaɗi ne. Aka ɗaga hannu, Fenella ta ci, aka miƙa wa Struan soso. Sai dai har yau ba ta ɗanɗana kujerar ba, domin Ishbel ta riƙa zuwa duk Asabar da gwangwaninta, kuma ba a samu namijin da zai ce mata ta tashi ba, balle Fenella, da biskit ɗin ya fi kama ta fiye da kowa.

Struan kuwa yana can wajen famfo, yana ɗaga kowane kofi yana hasko shi da fitila kamar taga. Ba mu taɓa sanin farare ne ba sai bana. In ya gama yakan zo ya ɗosana a hannun kujera, kusa da matarsa, ya ɗora mata wani sabon faifai. Yawanci takan ce cokula ne. Jefi-jefi takan ce ya maimaita, a nan ne za ka ga dogon mutum yana rige-rige da kansa zuwa wurin na'ura.