Zaren Gawayi a Maƙerar Kawu

Shekarun da na yi ina karatu a ƙasar waje, kan abu ɗaya suka ƙare: yadda za a ƙara wa jan ƙarfe ƙwari. Jan ƙarfe yana ɗaukar wutar lantarki da zafi sosai, sai dai laushi gare shi, ga saurin cinyewa. Mukan cuɗa garinsa da wani zaren gawayi, siririn da ido ba ya gani, mu matse su cikin na'ura mai zafi har su zama abu guda, mai tauri, mara nauyi.

Ban kai ƙarshen aikin ba Baba ya rasu. Ni ne babba, ga Inna, ga ƙannena mata, ga gona a garin Mai Yara. Na dawo Dakoro da niyyar ƴan watanni. Ko da na shirya komawa, an riga an ba wani gurbina. Aka ɗauke ni koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, inda ko kwalbar gwaji babu.

Na zo da ragowar zaren cikin ƴar kwalba. Wata ranar kasuwa na ɗauke ta, na haɗa da tsofaffin wayoyin kuran, wato wayoyin lantarki na jan ƙarfe, na nufi maƙerar kawuna.

Na ce, "Kawu, a narka mini wayoyin nan, zan zuba wannan a ciki."

Ya leƙa kwalbar. "Wannan ba kunkunniya ba ce?"

"Kusan hakan ne."

Ya yi ta zuga har ƙarfen ya zama ruwa. Na zuba. Na san narkakken jan ƙarfe ba ya kama gawayi, tun shekarar farko aka koya mana. Duk da haka na tsaya na zura ido. Baƙin garin ya taso sama, ya dunƙule, wani ya ƙone ya bi hayaƙi.

"Ko in ƙara wuta?" in ji Kawu.

Na ce a bari.

Daga baya ya sake narkar da ƙarfen, ya yi wa Inna munduwa. Ta sa a hannu tana ta shi mini albarka, tana nuna wa maƙwabta wai aikin da ɗanta ya koyo ke nan. Ban gyara mata zancen ba.

Abokan karatuna har yanzu suna turo mini abin da suka gano. Bara na buɗe wani rubutu nasu a waya, ina zaune bakin ƙofar aji. Ban kai tsakiya ba na ga lissafin ya ɓace mini. Na koma farko, ya sake ɓace mini. Aka buga ƙararrawa, na sa wayar a aljihu, na shiga.