“Da Sauƙi” Ba Ta Shiga Rajista

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni wata gonar tumatir kusa da Kadawa neman Habu ba. Ina ɗalibin likita a lokacin, shekarun da wayar hannu ta fara shiga ƙauyuka, kuma da yake ba ni da surutu, sai aka ba ni aikin cika rajistar zuciya.

Ga wanda bai sani ba, rajistar nan tana bin duk wanda aka yi wa tiyatar zuciya: me aka yi masa, yaya ya tashi, yaya yake bayan shekara. Da ita likitocin da ke zuwa daga waje suke gane irin aikin da ke ɗorewa a jikin mutanenmu. Habu manomin rani ne, an gyara masa wata ƙofar zuciya da ke yoyo. Duk kiran da na yi ta wayar ƙanensa Ɗanlami, amsar ɗaya ce: da sauƙi. Haka nake rubutawa.

Shugabarmu, Dakta Rabi, ta duba shafin ta ce, “Mahaifina ma da sauƙi ya ce mini ranar da ya rasu. Je ka gan shi da idonka.”

Na tarar ana tsakar ɗibar tumatir, mota na jira a bakin hanya. Habu na zaune a inuwa cikin tsofaffi, yana ware ruɓaɓɓu daga kwando.

“Malam Habu, ya jiki?”

“Da sauƙi, alhamdulillahi.”

Ɗanlami ya yi dariya. “Tun da Turawa suka taɓa Yaya ya zama hakimi, sai zama. Mu ne talakawansa.”

Na so in yi sallama, don kunya ta kama ni. Sai idona ya kai ga ƙafar Habu: ta kumbura har ya tsaga takalminsa don ta samu shiga. Na roƙe shi ya taka mini zuwa bakin kanal ɗin ban ruwa, na san ba ya hana baƙo rakiya. Ba mu yi nisa ba ya tsaya yana haki, wai albasar maƙwabci yake dubawa.

“Da dare a kwance kake barci?”

“A jingine, jikin buhu.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“Likita, mutane sun taso daga wata uwa duniya sun yi mini aiki. In ce musu bai yi ba? Ai butulci ne.”

Na ce masa ruwa ne ke taruwa a jikinsa, dole mu tafi asibiti yau. Ya ce sai an gama ɗiba, tumatir ba ya jiran kowa. Ban iya gardama ba, don haka na zauna gefen kwandonsa na kama warewa. Na ce ba zan koma ba sai da shi. Har la'asar ina nan, wandona duk ya jiƙe da ruwan tumatir.

Ɗanlami ya leƙa kwandona, ya dubi ƙafar wansa, dariyar ta ɗauke. “Yaya, ka bi shi, kafin ya zubar mana da masu kyau duka.”

A gaban motar tumatir muka shiga Kano. Hoton zuciya ya nuna gyaran ya saki. Aka ɗora shi kan magani, aka sa sunansa cikin waɗanda za a sake wa aiki. Dakta Rabi ta ce masa, “Malam Habu, in kana so ka gode wa likitocin da suka yi maka aiki, faɗa musu inda aikinsu ya kasa.”

Ni na goge “da sauƙi” daga shafinsa da hannuna. Daga ranar muka sauya tambaya: wane aiki kake yi a gona, yaya kake barci, takalminka na shiga?

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba ƙarya suke yi wa likita ba, kara suke yi masa. Mai cika rajista kuwa, ya amsa gaisuwar, sannan ya dubi ƙafa.