Sunan da Philemon Ya Goge

Shekara goma sha tara Philemon Andrawus yana akanta a wani kamfanin sayen wake da gyaɗa a Mubi. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. A da, ƙarshen wata yakan baza littafi ya kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida kafin ya miƙa ambulan ɗin albashi. Bara kamfani ya kawo manhajar biyan albashi. Ita ke lissafi, ita ke tura kuɗi banki, nasa kawai ya danna ya amince. Har tumbi ya ajiye.

Wata Litinin manhajar ta fito da jan rubutu: Zira Kwaji sau biyu, duka masu gadi, duka haihuwar ɗaya ga Janairu 1968. Ɗaya na bogi ne, in ji ta, a goge shi.

Abin takaicin, Philemon ɗan Michika ne. Ya san a wajensu ɗa na biyu Zira ake ce masa, ya kuma san duk tsohon da bai san ranar haihuwarsa ba, ɗaya ga Janairu ake rubuta masa. Ubansa ma Zira ne. Amma ana jiransa a taron kwamiti a coci, sai ya danna ya goge ɗaya, ya kulle ofis.

Zira mai gadin siton kamfani na Lamorde ya ci gaba da karɓar albashi. Na Mugulbu kuwa shiru. Sau uku tsohon yana zuwa, hula a hannu.

"Oga, alat bai shigo ba. Magani na hawan jini ya ƙare."

"Kwamfuta ne, Baba. Za mu duba."

Bai duba ba. Ba mugunta ba ce; ya dai daɗe da sakar wa na'ura komai, har da fuskokin mutane.

A wata na huɗu matar tsohon, Mairamu, ta shigo ta zauna a benci.

"Oga, mun binne Baba ran Asabar. Na kawo tocila da makulli na kamfani."

Philemon ya buɗe kwamfuta. Ga sunan nan cikin waɗanda aka goge, a ƙasa an rubuta wanda ya amince: Philemon Andrawus, ƙarfe huɗu saura takwas. Ya zuba wa rubutun ido. Ya nemi kuka bai samu ba, ya nemi tsoro bai samu ba, sai ƙarar fanka kawai yake ji.

Ya mayar da sunan, ya danna. Duka-duka bai ɗauke shi minti biyu ba.

Can sai wayar tsohon ta yi ƙara a ƙullin zanen Mairamu: albashin wata uku ya shiga. Ta kwance ƙullin a hankali ta miƙo masa, don ba ta iya karatu ba.

"Oga, duba mini. Waye yake neman shi?"