Jinkar da Dada Ta Yi wa Motar Ɗanta

Mijina malamin allurar shanu ne, aikinsa bin rugage daga bakin Binuwai har gindin duwatsu. Shi ya sa da wasu Turawa 'yan yawon duniya suka gaji a Jimeta suka sa motarsu a kasuwa, bai yi shawara da kowa ba ya saye ta. Mota ce mai ɗaki a ciki: ga gado, ga 'yar kabad, ga wurin ɗora risho, har da labule. Injinta a baya yake, sitiyarinta a hagu, a zamanin da na kowace mota a garin yake dama. An yi masa dariya har aka gaji. Ni kuwa a cikinta na yi goyon ɗana, kuma a cikinta ya koya mini tuƙi, can cikin daji inda ba mai ganinmu sai shanu.

A farkon damina ya rasu, zazzaɓi ne bai daɗe yana jinya ba. Lokacin muna Jihar Arewa Maso Gabas, takarda ta zo daga Maiduguri a kan mu tashi daga gidan ma'aikata. Sai aka kwashe ni da 'ya'yana biyu, mace da namiji, zuwa gidansu mijina a cikin Jimeta, in yi takaba a can. Motar kuma wani direba ya shigo da ita ta ƙofar baya, inda ake sauke buhunan gyaɗa, ya ajiye ta a tsakar gida.

Mai gidan shi ne yayan mijina, ɗan kasuwa, duk muna ce masa Hamma. Uwarsu kuma kowa Dada yake ce mata. Ba a ma gama karɓar gaisuwa ba Hamma ya kira ni gaban Dada da limamin unguwa ya faɗa mini yadda ya tsara. Namijin zai zauna a hannunsa ya koyi kasuwa. Macen za a kai wa goggonta da ke aure a Mubi. Ni kuma in na fita takaba, Allah ya haɗa ni da rabona.

Na ce, "Hamma, 'ya'yan nan ba buhun gyaɗa ba ne. Tare da su zan tafi Yolde Pate, gonar babana tana nan."

"Gona muka ji. Ɗakin fa? Na san ya rushe tun bara. A gindin bishiya za ki kwantar mini da marayu?"

"A cikin mota."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwar liman. Ya ce, "To, Malam, ka zama shaida. Ranar da ta fita takaba, in akwatin nan ta tashi ta fita daga gidan nan, ta kwashe su ta tafi. In ba ta tashi ba, kada in ƙara jin bakinta."

Na ce na yarda. Liman ya dube ni da tausayi, wallahi wannan kallon ya fi dariyar ɓata mini rai.

Mai takaba ba ta fita, amma ba inda aka ce kada ta tayar da mota. Bayan 'yan kwanaki sai in shiga in murɗa makulli, in bar injin ya yi zafi, yadda na ga marigayi yana yi. Matan gidan suna ta tsegumi, wai mace na cikin farin zane tana ba mota wuta kamar ɗan kamasho. Na toshe kunnena.

Ana nan Dada ta ce ita fa ba za ta iya kallon ruwa yana dukan abin ɗanta ba. Ta aika aka kira masu baibaya. Suka kafa dirkoki kewaye da motar, gaba da baya, suka ɗora tanka, suka baibaye da ciyawa mai kyau, motar ta koma kamar rumbu. Ba zan yi wa tsohuwa ƙarya ba, da zuciya ɗaya ta yi. Kullum da hantsi takan shimfiɗa tabarma a inuwar jinkar, ta jingina bayanta da ƙofar motar tana jan carbi. Wata rana na tarar ta sa kai ta taga tana shinshinar kujerar da marigayi yake zama. Na juya na koma ɗaki na yi kukana.

Da ruwa ya kankama, wata safiya na murɗa makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Na sake, ta ƙi. Na zagaya na ɗaga murfin injin. Ruwa kwance a ƙasan wurin, wayoyi sharkaf, tsatsa ta fara ja a jikin ƙarfe. Na ɗauko ludayi na kwashe, na tsane da tsumma. Washegari aka yi ruwa, ya dawo kamar ban taɓa ba.

Da farko na zargi robar bakin murfin, don ta bushe ta tsattsage. Na yanka tsohon tiyub na liƙa da kakin zuma, na wuni ina wannan aikin, yatsuna duk suka kumbura. Ruwa ya sake shiga. Na ce ko daga ƙasa yake fantsama, na zuba yashi da tsakuwa a ƙarƙashinta. A banza. Kai, na sha takaici! Ga batir kullum ƙara sanyi yake saboda yawan murɗa makulli, ga Hamma in zai wuce masallaci sai ya ce, "Uwar yara, ya direbanci?"

Ranar da na gano, da rana tsaka aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Maimakon in gudu ɗaki, na tsaya a bayan motar ina kallo. A gefe da gefenta, can sama ta baya, akwai wasu tsage-tsage inda injin ke shan iska, marigayi yana ce musu hancin mota. Masu baibaya ɗaki suka sani, ba su san mota tana numfashi ba. Bakin ciyawarsu ya tsaya daidai kan hancin nan. Duk ruwan da ya sauka a kan jinkar sai ya taru ya gangaro, ya zuba cikin tsagar kamar an sa mazurari. Da a fili take, ɗan abin da zai shiga bai taka kara ya karya ba.

Ban yi gaggawa ba, Allah ya sani. Na fasa garwar kananzir na yi wa hancin 'yar rumfa, ruwa ya bi ta bayanta. Na rataya tabarma, ta jiƙe ta riƙa ɗiga ciki. Ga shi ko an ɗauke ruwa rana ba ta kaiwa ga motar, kullum cikin danshi take, gara kuma ta fara hawa dirkoki. Sannan na lura da abin da ya kamata in gani tun farko: dirka biyu a gaban motar suke. Ko ta tashi, ta ina za ta bi? Hamma ya ga wannan tun ranar da aka kafa su, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Na je na durƙusa gaban Dada na ce, "Dada, jinkar nan ita ke kashe motar. Ki yi haƙuri a sauke ta."

Ta ce, "'Yar nan, ban yi masa wanka ba, ban raka shi ba. Wannan kaɗai na samu na yi masa. Shi ma sai kin rushe?"

Na tashi na bar mata jinkarta. Na ƙara kwanaki ina kwasar ruwa da ludayi, ina kallon tsatsa tana ci. Sai ranar nan goggon yara ta aiko daga Mubi da ɗan zane da ɗankwali, wai a gwada wa 'yarta. 'Yarta! Yarinyar ta ɗaura tana murna, ba ta san ma'anarsa ba. A nan zuciyata ta kawo wuya.

Na ɗauki lauje a ɗakin girki, na taka taya na hau. Na yanke igiyoyin tanka ɗaya bayan ɗaya, na riƙa turo ciyawa ƙasa. Matan gida suka fito suna salati. Wata ta ce takaba ta taɓa mini kai, a kira malam ya yi tofi. Hamma ya shigo a guje babu hula.

"Ke! Sauko! A gidana?"

"Sai na gama, Hamma."

"Kin san wa ya yi wannan jinkar?"

"Na sani. Kai ma ka san abin da take yi."

Ya ja da baya. Namiji ba zai kama matar ƙaninsa mai takaba ya jawo ta ƙasa ba, ni da shi duk mun san haka. Na sauko na girgiza dirkokin gaba har suka saki, na tumɓuke su na jingine a bango. Duk wannan Dada tana tsaye a bakin ɗakinta. Ta naɗe tabarmarta ta shige.

Daga ranar ba mai yi mini magana a gidan sai dole, abinci ma a bakin ƙofa ake dire mini. Ban damu ba. Na kwance fulogi, na cire hular da wayoyinsu ke fitowa daga ciki, na goge, na shanya a faifai kamar kuɓewa. In rana ta fito na buɗe murfin injin ta gasa shi, in hadari ya taso na rufe. Tsatsa na kankare da toka da tsumma, na shafa baƙin mai. Ruwa bai ƙara kwanciya ba. Sai dai batir ya riga ya mutu, don haka ba ni da hanyar sanin ko za ta tashi sai an tura, turawa kuma sai a waje.

Ranar fitar takaba na yi wanka na sa sabon zane, mata suka cika gida, aka raba waina. Bayan azahar Hamma ya zo da liman, ya sa aka buɗe ƙofar baya. Na ce ina son a tura ni.

Ya ce, "Ba namijin da zai taɓa ta a gidan nan."

Samari suka sunkuyar da kai. Sai wata maƙwabciya mai sayar da kifi, wadda ko sunan kakana ba ta sani ba, ta miƙe ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta ce, "To, mu ai ba maza ba ne." Ƙawayena da suka zo mini daga Yola suka bi ta. Har matar Hamma na gani a madubi, ta sa hannu ɗaya tana kallon wani wuri.

Suka fitar da ni kan hanyar da ta gangara wajen kogi. Na sa giya, na saki kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu. Suka sake turawa, suna haki suna dariya, atamfofinsu duk taɓo. Ina ta kiran sunan Allah, ina zagin motar a lokaci guda. Can ƙasan gangaren ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama. Mata suka rangaɗa guɗa, unguwa duk ta fito.

Na juyo na hau gangaren na tsaya a ƙofar baya. Da na ɗan sassauta totur sai na ji tana neman ɗaukewa, na yi maza na danna. Na gane in na ɗaga ƙafata ta mutu, a kan tudu muke, matan kuma sun gaji liƙis. In ta mutu a ƙofar gidansa, Hamma zai ce ba ta tashi ba, liman kuma ba zai iya musa masa ba.

Na ƙwala kira a miƙo mini 'ya'yana. Mai kifi ta ɗauko su ta jefa ciki, ta bi da ƙunshin kayanmu. Hamma ya dubi liman, liman ya gyaɗa kai, sai Hamma ya kauce daga hanya.

Sai ga Dada ta fito tana dogara sanda. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta gyara mayafi, tana jira. Kowa ya san abin da take jira: in sauko in durƙusa, in nemi gafara, ta dafa kan jikokinta ta sa musu albarka. Tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma ba. Na leƙo ta taga na ce, "Dada, ki yafe mini! Zan dawo!" Ƙarar injin ta cinye maganar. Na ga leɓenta yana motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na sa giya na tafi.

A Yolde Pate muka kwana a cikin motar har kaka ta wuce na gina ɗaki. 'Ya'yana a gabana suka girma, su biyun. Na koma gaishe da Dada ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kullum sai a ce tana barci. Yaran takan karɓe su ta ba su gyaɗa da rake, ni kuma in zauna a zaure har su fito. Haka muka yi har ta rasu, ba ta amsa gaisuwata ba.

Har yau a dangin mijina in an zo maganata cewa ake, ai ita ce ta tafi ba sallama. Gaskiya suka faɗa, kuma abin yana cina, don ina son tsohuwar nan. Amma ko yanzu aka mai da ni kan kujerar, aka tsayar da Dada a bakin ƙofa, wallahi ba zan ɗaga ƙafata ba.