Ni da Kuregen Gonar Inna

Shekarun baya, a daminar da kifi ya juya mana baya, na taɓa zama maharbi na ɗan lokaci. Waɗanda suka san ni yanzu za su yi dariya. To ku yi, ni ma yi nake.

Mu masunta ne, a wani ƙauye na bakin tafki kusa da Wara aka haife ni. Tun ina ɗan mitsitsi mahaifina yake ɗora ni a goshin jirgi, kuma abin da na fi gwanancewa a kai shi ne suka da mashi. Idan ruwa ya cika ya shiga ciyawa, kifi ya biyo shi, sai in tsaya cik, ina hango tarwaɗa in soke ta. Ba yabon kai ba, da wuya in kuskure.

Bayan rasuwar mahaifina kamu ya yi ta ja baya, a wuni a ruwa a dawo da abin da bai isa miya ba. Samarin garinmu suka fara tafiya ramukan haƙar zinare, ni ma na ce zan bi su. Inna, mahaifiyata, ta ce ba da yawunta ba, don ba a daɗe ba da rami ya rufta da ɗan maƙwabcinmu. Muka yi ta ja har ta gaji, sai ta ce mu koma tsohuwar gonarmu ta kan tudu mu shuka gyaɗa.

"In ta tsira bana, ka zauna," in ji ta. "In ba ta tsira ba, ban hana ka. Allah shi tsare."

Muka shuka. Da muka koma dubawa sai muka tarar da ramuka a jere, layi-layi, kamar wani ya bi sawunmu da cokali. Kurege ne. Shi fa ba ya jiran gyaɗa ta yi 'ya'ya, irin da aka binne yake tonewa ya ci. Muka sake shukawa, ya sake tonewa. Na tarar da Inna tsugune a bakin wani rami tana ta laluben ƙasa da yatsa ko ya manta da ƙwaya ɗaya. Wallahi ta ba ni tausayi. Iri kuwa saura abin da ke gindin ƙwarya, damina tana ta nisa, in wannan ya tafi shukar bana ta wuce. Ni kaina, duk cika bakin da nake yi, ramin zinaren nan tsoro yake ba ni.

Sai na tuna da abokina mai kabu-kabu a Yelwa, yana da bindigar iska da yake harbin kurciya da ita. Na je na aro. Ya nuna mini yadda ake karya ta, a sa ɗan harsashin dalma, a rufe, a daidaita tsinin gaba da tsagar baya. Yana bayani ina hamma.

"Kai malam, tsaya ka koya mana," ya ce.

Na ce, "Wanda ke sukar kifi cikin ruwa, kurege a fili ne zai gagare shi?"

Muka zuba irin ƙarshe, na samu gindin ɗorawa na zauna da bindiga a cinya, sai ka ce wani sarkin baka. Hantsi na yi sai ga mutumin ya fito daga cikin duwatsu, wutsiya buzu-buzu. Ya miƙe a kan ƙafafun baya ya dube ni. Na saita, na danna. Tas! Ƙura ta tashi a gabansa. Ya ruga kaɗan, ya tsaya, ya waiwayo, ya koma tono abinsa. Kai, rainin nan ya ƙona mini rai!

Haka muka wuni, haka muka sake wuni. In harba, ƙura ta tashi, ya gusa gaba ya ci gaba da aikinsa. Har 'yan'uwansa ya gayyato. Na kira abokina a waya na ce bindigarsa karkatacciya ce. Ya ce, "Bindigata lafiyarta lau, kai ne karkatacce." Harsashi yana ta ƙarewa, gefe guda na gonar ya riga ya zama ramuka. Da na dawo gida Inna ba ta tambayata komai, fuskata kawai take duba ta zuba mini tuwo.

Wata rana da azahar ta kawo mini fura gona, ta ce bari ta ɗan huta kafin ta koma. Tana zaune wani kurege ya fito. Na harba, ƙura ta tashi. Inna ta zuba mini ido. Da ya dawo ta ce, "Sake in gani." Na sake. Sai ta kama haɓa.

"Kai ɗan nan, wanga kurege cikin ruwa yake?"

Na ce, "Wane irin ruwa kuma, Inna?"

"To don mi kake sukar ƙasa da shi? Ina kallonka, ka saita daidai, in za ka danna sai hannunka shi sauka. Haka ubanka ke yi da mashi."

Duk masunci ya san ruwa yana yaudarar ido: inda ka hango kifi ba nan yake ba, yana ƙasa da wurin. Abin da mahaifina ya fara koya mini ke nan, in sauke hannu kafin in saki mashi, har abin ya zama jiki ba na ma sanin ina yi. Inna ta sha tuƙa masa jirgi yana suka, ta san wannan saukar hannun tun kafin a haife ni. Ashe duk kwanakin nan kifi nake harbi a kan tudu.

Ta tashi ta karyo wata gwafa, ta kafa ta a ƙasa, ta ce in ɗora bakin bindigar a kai don hannu ya rasa hanyar sauka. Muka jira. Da ya fito ya miƙe, na ji hannuna yana son yin halinsa, gwafa ta hana. Na yi bisimilla na danna. Sai ga shi ya wuntsila!

Na yar da bindiga na ruga ina ihu, Inna tana bayana tana cewa, "Yanka! Yanka kar shi zama mushe!" Sai da na riƙe shi na tuna ban zo da wuƙa ba. Maharbi guda, ko wuƙa babu. Ita ta kwance ƙaramar wuƙarta ta gyaran kifi daga bakin zane ta miƙo mini tana dariya, dariyar da rabona da jin ta tun mahaifina yana raye.

Daga ranar na samu wasu 'yan kaɗan, sauran suka gane ɗorawar nan ta daina wasa, suka yi nisa. Na ci gaba da gadi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta.

Abin nan yana yawan dawo mini. Na ɗauka duk abin da na iya a ruwa zai bi ni tudu ya yi mini aiki, sai ga shi abin da nake taƙama da shi ne yake kayar da ni, kuma da kaina ba zan taɓa gani ba. Shi ya sa yanzu in na ga saurayin masunci ya kama fartanya yana ta shirme, ba na yi masa dariya sosai. Zama nake in duba hannunsa, don na san zai iya.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa muka hau gona tare. Tun daga nesa muka hango kore, layi bayan layi, ban da gefen da aka cinye. Inna ta bi kunya tana tafiya a hankali, tana sunkuyawa tana taɓa ganyen. Ta kai ƙarshe ta tsaya, ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo idonta ya yi ja.

"Ta tsira," ta ce. "Sai ka aika wa mutanen rami su nemi wani. Nawa yana gida."