Dawowar Wake-wake daga Kwargaba

Kukan zabi ne ya tsayar da ni a kasuwar Goronyo ranar nan. Albasa na je saye, ina tsakiyar ciniki har na kusa sa mai albasa kuka, sai wata zabuwa da aka ɗaure wa ƙafa ta ɓarke da ihun nan nasu mai kama da ana goga tsohon kwano da dutse. Na nemi ƙarfin cinikin na rasa. Na biya yadda ya ce, ya bi ni da kallo kamar ya ga mara lafiya.

Mai karatu, duk wanda ya san ni a majalisa ya san labarin baƙar kazar gidanmu na Maikujera. Nakan ce girmanta ya kai ɗan jaki, in ta yi tafiya ƙasa na amsawa, zakaran gidan ma sai ya nemi izininta kafin ya yi cara. Akan yi dariya har a riƙe ciki. Amma akwai wurin da nake tsallakewa kullum, shi nake so ka ji.

Ina da shekara tara ko goma kakata, mahaifiyar babanmu, ta ba ni kaza wake-wake, mai ɗigon fari da baƙi. Ita ce abu na farko da aka taɓa cewa nawa ne a duniya, in ka cire ƙuruciya da ƙwarƙwata. Kaka maigida take kirana, ni kuma in ce mata amarya, ko da yake haƙoran da suka rage mata ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba.

A wajenmu zabuwa ba uwa ba ce. Da damina ta sauka sai ta zube ƙwai a cikin ciyawa ta kama gabanta, saboda haka kaza ake sa wa ƙwan ta kwanta a kai. Wake-wake kuwa gwanar kwanci ce, ko duwatsu ka jera mata za ta zauna a kansu da fatan alheri. Labarinta ya kai Kwargaba, gwaggona da ke aure can ta aiko a ara mata ita. Aka ɗaure ta a kwando aka ɗora bayan keke, ina tsaye ƙofar gida kamar wanda aka kai wa ƙanwa gidan miji.

Ta yi fiye da wata biyu. Gero bai daɗe da tsirowa ba ta tafi, ba ta dawo ba sai da ya fitar da kai. Ranar da aka kawo ta na kwance ta da hannuna a tsakar gida, ina jiran in ga 'yan'uwanta sun taho da murna. Ta sauka, ta girgiza jiki, ta nufi kaskon ruwan da ta sha tun tana 'yar tsako. Ba ta kai bakinta ba baƙar nan ta dira a kanta. Sauran suka biyo baya, har da wata ja wadda ƙwai ɗaya ya raba su a ƙyanƙyasa. Kafin in rarumo muciya sun fige mata ƙeya, jini ya fito.

Kaka ce ta kore su da zane. Ta ɗauki Wake-wake ta duba ciwon, ta sa aka kawo mata ɗan shuni ta kwaɓa ta shafe wurin, don in kaji suka ga ja ba sa iya daina sara. Har yau ina jin warin shunin nan haɗe da warin jiƙaƙƙen gashin kaza.

Na ce, “Amarya, mi ta yi musu? Ai gidansu na.”

Ta ce, “Gidansu na a wurinka, maigida. Su sun mance ta. Wurin barcinta ma wata ta gaje shi.”

Ta kife babban kwando a kanta a gindin darbejiyar tsakar gida, inda kowace kaza za ta gan ta amma baki ba zai kai ba. Ta sa mata ruwa da dussa a ciki, ta watsa tsaba kewaye da kwandon don sauran su riƙa ci kusa da ita. Sannan ta ɗauko ɗan dutsen niƙanta ta danne kwandon. Kwana bakwai, in ji ta, ba a rage ko wuni. Babanmu da ya dawo gona ya leƙa, ya ce, “Inna, in sunka sake taɓa ta yanka ta za ni yi. Ba ni bari ta mutu mushe.” Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta zauna mini a ciki.

Kwana uku na zama mai gadin kwando. Da safe kaka takan ɗauke dutsen ta niƙa abin miya, ni in danne da hannu har ta mayar. Wake-wake ta yi ta zagaye a ciki, tana tura kai tsakanin saƙar, tana wani kuka siriri da ban taɓa ji a bakinta ba. Baƙar takan zo ta tsaya ta kalle ta da ido ɗaya, ta juya ta kalle ta da ɗayan, kamar alƙali.

Rana ta huɗu kaka ta tafi gaisuwar rasuwa a bayan gari, mata suna ɗaki suna tsintar wake, ni kuma an ɗaura mini furar da zan kai gona. Na tsaya wajen kwandon. Kajin suna ta kiwo a gefensa lafiya lau, har jar nan ta kwanta ta jingina da shi. Na ce a raina, an shirya ke nan, tsohuwa ce kawai da son jan abu. Na ɗauke dutsen, kuma saboda ni yaron kirki ne, na kai shi mazauninsa wajen maniƙa. Na ɗaga kwandon. Ta fito a hankali, ba wadda ta kula ta. Na tsaya har na ga ta tsinci tsaba biyu, na ɗauki fura na tafi ina fito.

Da na dawo na tarar da kwandon a gefe, gashi warwatse har bakin rijiya. Tana kwance bayan turmi, ido ɗaya babu, kan ya buɗe, tana numfashi da baki. Babanmu ya shigo bayana. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa.

Ana fige ta kaka ta dawo. Ta dubi kwandon, ta dubi wajen maniƙa, ta ga dutsen zaune inda yake zama. Ta daɗe tsaye da mayafinta a kafaɗa. Sai ta ce, “Ni ta. Na niƙa daddawa da sahe ban mai da shi ba, iska ya tuɗe kwandon. Tsuhwa ta kama ni.” Ta juyo wurina. “Maigida, ka yahe mani. Na kashe maka kaza.”

Ni da bakina ba ya rufuwa ko a cikin barci, ranar kalma biyu kaɗai na furta. Na sunkuyar da kai na ce, “Ba komi.” Na yafe mata, ka ji. Da aka sauke tuwo ta tsamo cinya ta sa mini a kwano da hannunta, na ci, kuma ta yi daɗi, abin da har yau ban yafe wa harshena ba. Tun daga ranar kaka ta daina yarda da kanta. In ta rufe rumbu sai ta kira ni in duba, in ta ɗaure akuya sai ta ce, “Zo ka gani, kar in sake.” Shekara biyu ina duba mata abin da ta yi daidai, har Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu ba mai aron kaza zuwa Kwargaba. Akwai masu injin ƙyanƙyasa, ka kai ƙwan zabi ka dawo ka kwashi 'ya'ya, ba wadda za ta bar gida balle a mance ta. 'Ya'yana kajin gidan gona suka sani, farare, masu kama ɗaya, waɗanda ba sa daɗewa har a san halinsu. In na ba su labarin baƙar kaza sukan ce in ƙara mata girma, in ƙara. Ƙaramarsu ce kaɗai, da labarin ya kai kan mutuwar Wake-wake, ta taɓa tambayata wa ya buɗe kwandon. Na ce mata iska. Na girmi babana na wancan lokacin yanzu, ga furfura har a gira, kuma bakina bai ko yi rawa ba.